Hasken Biyar Saura Kwata

"Fice min daga shago."

Ko kai ba ta ɗago ba da ta faɗa. Dogo ya yi turus a bakin ƙofa, idonsa a kan zoben da ya sa mata wata uku da suka wuce. Ga shi nan yashe a kan tebur, tsakanin batira da murfin kyamara.

Mai Hoto ba ta da hayaniya, amma ranar da aka taɓo ta, har fitilun shagon sai sun sha jinin jikinsu. Yau kuwa an taɓo ta inda yake mata ciwo.

Shekara biyu tana ɓoyon wani wuri, matakalar wani tsohon ɗakin karatu mai doguwar taga ta yamma. Biyar saura kwata rana take leƙowa ta tagar, ta kwanta a mataki na bakwai, bayan minti goma sha biyar ta ɗauke. Amare nawa ta kai lambu, nawa ta kai bakin ruwa, amma nan ba ta taɓa kai kowa ba. Kanta ta ajiye wa. Mutum ɗaya ta nuna wa a duniya, wannan dogon da kullum kansa ke fita daga hoto, ta ce masa a nan za a ɗauki hoton aurensu.

Sai ga saƙon hoto yau a wayarta daga ɗiyar gwaggonsa, wadda gwaggon ta daɗe tana cusa masa. Ga ta cikin farar riga a mataki na bakwai, ga Dogo a gefenta yana murmushi har da haƙora. A ƙasa ta rubuta: "Mun gode da wuri, Anti."

Antin nan ta fi komai ƙona mata rai.

Ya rantse bai taka wurin da kowa ba. Ta ce ya riƙe rantsuwarsa, za ta yi masa amfani a gaba. Ya kira ta da duk sunayen da ke sanyaya ta, babu wanda ya ci. Ta wanke shi tas, ta haɗa da gwaggon, ta haɗa da tsayinsa da bai amfana masa komai ba.

"Masoyiya, na roƙe ki abu ɗaya," ya ce a hankali. "Ki kalle shi yadda kike kallon hoton mutane."

"Au, so kake in ƙara gani? To zo ka ga abin kunyarka da girma."

Ta fizgi wayar ta tura hoton kan babban allon kwamfuta. Ta jawo fuskar yarinyar kusa don ta ji daɗin tsanarta da kyau.

Sai ta ƙura wa allon ido.

Fitilar waya aka haska wa yarinyar a fuska, goshinta na ƙyalli, inuwarta ta manne a bango ta baya. Tagar kuwa fari fat, alamar tsakar rana aka je. Ko lokacin wurin ba su sani ba! Shi kuma haske mai taushi ne ya sauko masa ta dama, inuwarsa ta nufi wani gefen daban.

Mutum biyu a mataki ɗaya, kowa da ranarsa.

Ta ƙara jawo hoton har ƙwayar idonsa ta cika allon. A ciki ga farar lemar fitilar shagonta, ga wata 'yar mitsitsiyar mace riƙe da kyamara.

Ita ce.

Hoton da ta ɗauke shi ne a nan, ranar da ya kawo zoben, aka yanko aka liƙa. Murmushin da ya hana ta cin abinci tun safe, ashe ita aka yi wa.

Kunya ta kama ta, ita da take koya wa mutane kallon inuwa. Amma Mai Hoto ba ta iya sauka daga fushi lokaci ɗaya ba, sai ta nemo masa wani laifin.

"Wa ya gaya mata wurin?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa Umma kawai yake ba labari, yana yabon amaryarsa da ta san inda rana take kwanciya, bai lura gwaggo ta kasa kunne ba.

"Shekara biyu ina rufe da bakina, kai wata uku ya gagare ka?"

"Daɗi ne ya yi min yawa..."

Ta harare shi, ta dubi agogo. Huɗu da minti ashirin. Ta saɓa jakar kyamara, ta cusa masa ƙafafun kyamarar a hannu, ta yi gaba. Daga bakin ƙofa ta ce ya ɗauko zoben, kuma kada ya ɗauka an yafe masa.

Suna isa rana tana sauka a mataki na bakwai. Ta kafa kyamara, ta saita ta daƙiƙa goma, ta dawo da gudu ta tsaya a gabansa, har yanzu fuska a ɗaure. Ta miƙa masa yatsa ba ta kalle shi ba.

"Sunkuyo, kanka ya fita."

Ya sunkuyo har goshinsa ya kusa taɓa nata, zoben ya koma inda ya fito.

Ta so ta riƙe fushin nan ko na daƙiƙa ɗaya ne. Kyamarar ta riga ta, ta kama ta tana murmushi.