Fitila ko Murya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.
Ta zo mu ji ta, Kaka.

Abednego mutumin Kafanchan ne, shi ke gyaran ƙananan motocin batir na wani filin wasan golf a Fatakwal. Matarsa Joanna ba ta daɗe da rasuwa ba, ta bar masa 'yarsu Hope.

Ran nan ya ɗaura wa wata mota fitila da sipika a kan batir guda, batirin ma duk ya yi sanyi. Bayan magariba ya fita gwaji, ana yayyafi. Sai fitila ta hasko wata mace lulluɓe da zane. Ya tsaya, ta hau. To, kujera ba ta lotsa ba, zanenta kuma a bushe ƙayau.

Ta yaye lulluɓi, sai ga fuskar Joanna. Leɓenta na motsi, amma daga sipika muryar ta fito: "Baban Hope."

Wayyo, bawan Allah! Duk maganar da ta fara, sai fitila ta dushe, muryar ta tsinke. Batirin ba zai ɗauki biyun ba, sai dai ya zaɓa: ko ya ga fuskarta, ko ya ji ta. Ya kalle ta har hawaye suka rufe masa ido, sannan ya fizge wayar fitila.

Cikin duhu ta ce, "Ka rame. Wa ke yi wa Hope kitso?"

Kafin ya amsa, batir ya mutu.

Hope tana Kafanchan wurin gwaggonta. Abednego yana nan Fatakwal, bai sake aure ba. Ƙurunƙus.