Kujera ta Shida

Auta na goge tebur a falo Umma ta shigo riƙe da wani littafi da bakin mayafi, kamar mai ɗauke da mushen ɓera.

"Wannan na waye?"

Auta ta gane shi. Na Mai Zane ne, saurayinta da ya rage wata biyu a ɗaura musu aure. Jiya ya manta shi. Umma ta buɗe: wani dogon mutum marar fuska, fitilarsa a mace, masu fararen kaya durƙushe a gabansa. A ƙasa an rubuta, "Mai Jira, gunkin mutuwa."

"Innalillahi! Matsafi za ki kwaso mana?"

"Umma, gem ne fa, wasa kawai! Shi ke ba da labari, abokansa kowa ya zama mutum ɗaya a ciki, a jefa ƙwayar ludo. Duniyar ƙirƙira ce..."

"Ƙirƙira? Goggonki ta leƙa shagonsa da rana tsaka. Su biyar, kujera shida! Ta shidan ba kowa, amma ga kofin ruwa a gabanta. Wa ke sha?"

Auta ma ta taɓa ganin kujerar.

Aka karɓe wayarta, maganar aure ta tsaya. Sati uku tana kuka a ɗaki, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Sai Abba ya ce ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, ya aika a kira Mai Zane. Da ya zo, Abba ya tambaye shi.

"Waɗannan masu farin kayan, yanka suke yi?"

"Ko kiyashi ba sa kashewa, Abba. A labarin, Mai Jira ba ya farauta, jira kawai yake. Dokar mabiyansa ɗaya ce: kada kowa ya cika shi kaɗai. Majinyacin da ba shi da kowa, su zauna da shi, su ba shi ruwa."

"Kujerar fa?" in ji Umma.

Mai Zane ya sunkuyar da kai. Labule ya motsa, alhali ba iska.

"Mahaifiyata ta rasu a asibiti ina kan hanya. Nas ta ce ta yi ta kallon kujerar gefen gado, tana neman ruwa. Kujerar shagona ba ta gunki ba ce, Umma. Tawa ce, wadda ban zauna ba."

Auta ta toshe baki daga bayan ƙofa. Umma ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ajiye mayafin ta ɗauki littafin da hannunta.

"Gunkin takarda ba ya jin ƙishi, ɗan nan. Ɗauke kofin, ka kai wa masu rai."

Bayan aure gem ya ci gaba da kujera biyar. Ta shidan kuwa duk sati Auta da angonta ke ɗaukarta zuwa asibiti, gefen gadon da ba mai zuwa dubiya.

Zato zunubi ne, 'yan uwa. Wanda ya yi haƙuri har aka yi tambaya, shi ke cin riba.