Batir Huɗu na Rediyon Baba

A Gawon Nama akwai wani yaro ɗan aji biyar mai son rawa. Ko daka ya ji ana yi, sai ƙafarsa ta fara motsi.

Lokacin sojoji ke mulki, rediyo mai kaset ya fara yawa a gari. Wani saurayi, Mode, ya dawo da nasa daga Legas. Kullum da la'asar yakan tara yara a bakin titi, yana koya musu rawar disko.

"Ni ma a koya mani," in ji yaron.

"Kawo sabon batir huɗu," in ji Mode. "Rediyo bai cin tuwo."

Yaron ya lallaɓa ya cire na rediyon Baba, ya kai wa Mode. Ya shanya tsofaffi a rana, don ya ji an ce rana tana mayar musu da ƙarfi, ya zuba su a ciki.

A makon nan yayarsa Sakinatu tana jiran rediyo ya kira sunayen waɗanda za a yi wa intabiyu na kwalejin malamai mata. Ranar Laraba ta kunna. Rediyo ya ɗan yi magana, ya mutu.

Washegari maƙwabciyarsu Kaltume ta shigo da sauri.

"Sakinatu, mi kike yi gida? Jiya anka kira sunanki! Mota ta tahi tun da sahe."

Sakinatu ta shiga ɗaki. Ta ninke rigar da ta goge, ta mayar cikin akwati, hawaye na zuba. Yaron yana ganin duk abin da ya faru. Ya je gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, ni na ɗauke batir."

"Rawar kwana ukku ta hi karatun yayarka na shekara bakwai?" in ji Baba. "Tashi mu tahi."

Ya kai shi da Sakinatu ofishin ilimi, ya sa yaron ya faɗi laifinsa da bakinsa. Yana faɗa yana kuka. Jami'in ofishin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa sunan Sakinatu cikin rukuni na biyu.

Ta je, ta kuma ci. Ranar da za ta tafi makaranta ta dafa kan ƙanenta.

"Na yahe ma. Amma kada ka ƙara ɗaukar abin da ba naka ba sai ka tambaya. Ba ka san wanda ke jiran shi ba."