Gawa a Ƙarƙashin Kashin Ƙarfe

Ranar Juma'a da ƙarfe uku da rabi na rana aka bugo waya caji ofis na Wudil, aka ce tulin kashin ƙarfe ya rufta wa mutum a wata masana'antar bulo da ke bayan Sabon Gari. Sufeto Garzali Lajawa ya rufe kwanon ɗanwaken da yake ci, ya kira Saje Tasi'u suka shiga mota. Ran kasuwa ce, manyan motocin shanu sun cushe titi tun daga gada, sai da suka yi rabin awa kafin su isa.

Mamacin shi ne mai wurin, Injiniya Jamaluddeen. Shekara ashirin ya yi a wani kamfanin narka ƙarfe a Kano, da ya bar aiki ya dawo gida ya buɗe wannan masana'anta. Kashin ƙarfe, wato dattin da ke ragewa in an narka ƙarfe, wanda kamfanoni ke rasa inda za su zubar, shi yake kwasowa a niƙa, a kwaɓa da siminti, a buga bulo. Magina suna son bulonsa don ƙarfi. Mutanen gari kuma suna yaba masa, suna cewa ya rage yashin da ake ɗiba daga kogi.

Leburori sun riga sun tono shi sun lulluɓe shi da tabarma. Sufeto ya ɗaga tabarmar. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ya daɗe da daina jin komai in ya ga gawa. Ya juya kan mamacin, ya ga sara guda ɗaya a ƙeya, miƙaƙƙe kamar an ja layi.

Ya miƙe ya dubi wurin. Tuli biyu ne. Ɗaya baƙi ne mai tsakuwa-tsakuwa yana ƙyalli, ɗayan kuma ruwan toka ne mai laushi kamar gari, shi ne wanda aka ce ya rufta. Tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Sufeto ya damƙi garin a hannu, ya ji ya fi kamanninsa nauyi. Ya zuba kaɗan a leda ya sa a aljihu.

Wanda ya fara ganin gawar shi ne Haladu, shugaban leburori, mutumin Achika, mai kimanin shekara arba'in da biyar. Ya tsaya hannuwansa a baya yana amsa tambaya ba tare da ya ɗaga murya ko ya sauke ta ba. Ya ce da ƙarfe ɗaya kowa ya watse zuwa masallaci, sun bar Injiniya yana alwala. Da suka dawo sai suka ga ƙafa ta leƙo daga cikin tuli.

"Da me kuka tono shi?"

"Da hannu, ranka ya daɗe. Mun ji tsoron kada shebur ya yanke shi."

"Kai a ina ka yi salla?"

"Babban masallaci, wajen kasuwa."

"Wa ya gan ka?"

"Ran Juma'a kowa yana ganin kowa."

Sufeto ya zaga bayan injin. Shebur bakwai ne a jingine a bango. Shida sun yi butu-butu da siminti. Na bakwai an wanke shi tas, har yanzu da danshi inda ƙota ta shiga ƙarfe. Ya ce Saje ya naɗe shi a buhu ya kai mota, sannan a wuce da gawar asibiti.

Ofishin Injiniya ɗaki ɗaya ne, tebur biyu. A ƙaramin teburin wata budurwa ce zaune, Rahinatu, sakatariyarsa. An kira ta daga gida. Ba ta kuka, ta dai ƙura wa kalanda ido. Ta ce tun sha biyu ta tashi, kuma ba ta san Injiniya da abokin faɗa ba.

Sufeto ya tambaye ta daga ina ake kawo tulin nan biyu. Ta ce duk daga kamfani ɗaya ne a Kano.

Ya buɗe durowa ya zaro wani fayil da aka rubuta wa "Gwaji". Ta yi masa bayani cewa duk wata Injiniya yakan aika samfurin kayan da aka kawo ɗakin gwaje-gwaje, a duba ko akwai abin cutarwa. Takardun suna jere, Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, sai Yuni da Yuli. Tsakanin Afrilu da Yuni wani ɗan guntun takarda ne kawai ya maƙale a jikin ƙarfen fayil.

"Ina ta watan Mayu?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

"Wa ke taɓa fayil ɗin nan?"

"Ni da shi."

"To shi ya mutu."

Ta sunkuyar da kai. Bai matsa mata ba, ya ce ta tafi gida amma kada ta bar gari.

Washegari da safe likita ya aiko da bayani cewa saran ne ya kashe Injiniya, kuma babu ƙura a huhunsa, wato ya mutu kafin a rufe shi. Sufeto ya karanta, ya ninke takardar, ya aika a kawo masa direban tifar masana'antar.

Sunansa Lukman, mutum mai yawan magana. Tun daga bakin ƙofa ya fara rantsuwa cewa shi ran Juma'a yana Gaya wajen ɗaurin aure, akwai hotuna a wayarsa. Saje ya duba, gaskiya ne. Sai Sufeto ya tambaye shi inda yake ɗauko kaya. Ya ce Kano, kullum Kano.

Sufeto ya kwance ledar ya zazzage garin a kan tebur.

"Lukman, ubana maƙeri ne a Lajawa. A cikin kashin ƙarfe na yi rarrafe. Wannan ba shi ba ne."

Lukman ya dubi garin. Da ya sake buɗe baki muryarsa ta ragu. Ya ce gaskiya a bara kamfanin Kano ya rage aiki, kaya suka yi ƙaranci, injin yana kwana uku bai juya ba. Sai Injiniya ya samo wani wuri mai nisa, tafiyar awa bakwai, inda ake haƙar dalma. In sun wanke dutsen sun cire abin da suke so, ragowar garin nan yake taruwa, kuma masu wurin roƙo suke a zo a kwashe. Injiniya ya gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa, ya ce in siminti ya kama garin ba abin da zai yi.

"Sawu nawa ka yi?"

"Biyar."

"Tulin da na gani bai kai biyar ba."

"An buga bulo da wani. Ɗaya kuma ba masana'anta na kai ba."

Ya ce a watan Yuni, da ruwa ya sauka da ƙarfi, tsakar gidan Haladu ta zama tafki, ruwa yana shiga ɗakuna. Haladu ya roƙi Injiniya ya taimaka masa da ƙasar ciko. Injiniya ya ce a kai masa tifa guda, kyauta. Lukman da kansa ya juye ta a ƙofar gidan a Achika, har matar gidan ta kawo masa fura.

Sufeto ya sallame shi, ya wanke hannunsa da sabulu sau biyu, ya nufi gidan su Rahinatu. A soro suka zauna, wanta yana tsaye daga nesa. Bai yi mata tambaya ba, ya dai gaya mata abin da Lukman ya ce, ya jira.

Ta ce takardar Mayu ta nuna dalma mai yawa a garin, har an ja layi da jan biro an rubuta kada a bari ya kusanci gidaje ko yara. Ita ta karɓo ta, ita ta miƙa wa Injiniya. Ya karanta ya ce ta sa a fayil. Ba ta san an kai wa Haladu ciko ba sai bayan da 'yarsa ta rasu.

"Yaushe ta rasu?"

"Yau kwana ashirin da uku. Khairiyya. Shekararta huɗu."

Ta ce tun daga ranar ba ta iya kallon Haladu. Yana zuwa aiki, yana gaishe da Injiniya, yana yi masa godiyar shinkafar da ya aika ta zaman makoki. Ran Alhamis ya shigo ofis neman makullin sito, sai kawai ta yage takardar ta ba shi. Ya ce shi ba ya jin Turanci. Ta karanta masa, ta fassara. Tambaya ɗaya ya yi mata, ya ce Mayu ne kafin Yuni ko Yuni ne kafin Mayu.

"Me ya ce da kika gaya masa?"

"Ya ce ya gode. Ya ɗauki makullin ya fita."

Bayan azahar Sufeto da Saje suka kama hanyar Achika. Gero ya yi kai a dama da hagu, hanya duk kwari.

Gidan yana ƙarshen gari. A jikin katanga an jera buhuna sun fi hamsin, an ɗaure bakinsu tam, an rufe su da tsohon tamfol. Suka yi sallama, aka ce su shigo. An kankare tsakar gidan har sai da jar ƙasa ta fito, ta koma rami, ruwa ya kwanta a tsakiya. Wata mace tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake, da jaririyarta Lubna a goye. Ita ce Rabi, matar Haladu. Ta amsa gaisuwa da ta'aziyya kamar mai karanto abin da ta haddace.

Sufeto ya tambaye ta me ya sami yarinyar. Ta ce kaji ne suka fara mutuwa, aka ce annoba ce. Sai Khairiyya ta daina cin abinci, tana kukan ciki. A nan tsakar gida take wuni, tana dafa tuwon ƙasa da garin nan don ya fi yashi laushi. Daga baya ta fara suma tana sanƙarewa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai ta Kano. Likita ya ɗebi jini ya ce dalma ce, ya tambaye su ko suna zaune kusa da masu haƙar ma'adinai. Suka ce a'a. Kwana biyu bayan haka ta cika.

"Wa ya kwashe cikon?"

"Malam. Shi kaɗai, da hannunsa, duk yamma in ya dawo."

Haladu ya fito daga ɗayan ɗakin. Ya riga ya sa riga da hula. Ya gaishe su, ya shimfiɗa musu tabarma a soro, ya zauna a ƙasa. Kafin a tambaye shi ya zaro takardar Mayu daga aljihu ya ajiye a gaban Sufeto.

"Ba ka je masallaci ba jiya," in ji Sufeto.

"Ban je ba."

Ya ce da likita ya ambaci dalma ya zargi cikon, shi ya sa ya kwashe, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa Injiniya ya sani ba. Shekara shida suna tare. Da Rahinatu ta karanta masa takardar, ya yini ya kwana yana neman uzurin da zai yi wa mutumin. Ran Juma'a ya bari kowa ya tafi, ya same shi a wajen tuli, ya nuna masa.

"Ba da niyyar komai na je ba. So nake ya ce bai karanta ba, ko ya ce ya manta. Ko ƙarya ce zan karɓa."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya karanta. Ya ce bai zaci abin zai kai haka ba, waɗannan masu gwaji sun cika zuzuta magana. Ya ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare. Sai ya duba agogo ya ce mu yi maganar bayan salla, kada liman ya tayar."

Haladu ya dubi tafin hannunsa.

"Da ya juya, shebur yana kusa da ni. Sau ɗaya ne. Na ja garin na rufe shi, na wanke shebur, na zauna a bayan injin har mutane suka dawo."

"Ka san abin da ke gabanka?"

"Na sani. Tun jiya nake jira in ji wani abu, ko daɗi ko nadama. Ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

Saje yana rubutawa. Da ya gama, Haladu ya ce akwai abin da yake so a ƙara. Ya lissafa wuraren da aka kai bulon da aka buga da garin, gida huɗu a Sabon Gari, da wata makarantar Islamiyya da aka shimfiɗa wa tsakar fili. Ya faɗi sunan kowane mai gida da layinsa. Ya ce buhunan cikon da ke waje kuma kada a bari kowa ya ɗauka, don mutane suna ta tambayarsa ko zai ba su su yi ciko.

Sufeto ya karɓi takardar da Saje ya rubuta, ya fita ƙofar gida ya buga wa DPO waya. Ya ce a rufe masana'antar yau, a sa ɗan sanda a kan buhunan, a sanar da ma'aikatan lafiya kafin yara su koma makaranta gobe. Da ya dawo, Saje ya riga ya fito da ankwa. Haladu ya miƙa hannuwansa biyu.

A bakin soro ya tsaya ya waiga cikin gida. Rabi ba ta tashi daga kan wakenta ba.

"Rabi, zan bi su Wudil."

"To."

"Ran Litinin za a sake ɗibar jinin Lubna. Katin yana ƙarƙashin filo. Kada ki sauke ta ƙasa."

"To, Malam."

Saje ya buɗe masa ƙofar baya, ya shiga. Maƙwabta sun fito sun tsaya a jikin katangunsu. Sufeto Garzali ya tayar da mota, suka bi ta cikin gonakin gero zuwa Wudil.