Ƙwan Cedric

Ranar Lahadi Enid ta share ɗakin girki sau biyu, ta canza riga sau uku, duk don saurayinta Wilfred zai zo cin abinci gaban mahaifiyarta a karon farko.

"Wannan rawar ƙafa ta mece ce?" in ji Mama. "Na faɗa miki, ba auren da za a ɗaura a gidan nan sai Cedric ya dawo. Babanku ya rasu, wa zai riƙe hannunki ya shiga da ke coci in ba yayanki ba?"

Shekara huɗu ke nan da jirgin yaƙin su Cedric ya tashi daga Ingila ya kai bam Jamus, a hanyar dawowa ya faɗa teku. Ba a ga gawa ba, don haka Mama ta ƙi yarda ya mutu. Yaƙi ya ƙare, ƙawayen Enid har sun yi goyo, ita kuwa tana nan tana haƙuri, don ta rantse ba za ta yi aure uwarta na fushi ba.

Wilfred ya iso da furanni, kunnuwansa jajur don kunya. Sansaninsu na sojan sama ɗaya da Cedric, jirgi ne kawai daban. Mama dai, komai ɓacin ranta, ba ta wasa da baƙo: ƙwai biyu ta soya masa, alhali a lokacin ɗaya ma sai da katin rabon abinci na gwamnati.

Bawan Allah ya dubi farantin, ya ture shi a hankali.

"Ki yi haƙuri, Misis Hartley, ba na cin ƙwai."

"Iyye? Kin gani ko? Tun bai shigo gidan ba ya raina girkina."

Enid ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, hawaye fal idonta. "Wilf, don Allah ko loma ɗaya…"

"Ba raini ba ne," in ji shi. "A sansani, duk wanda ya dawo daga kai hari ana ba shi ƙwai ɗaya da safe. Shi ya sa kafin mu tashi muke tsokanar juna: in ba ka dawo ba, ƙwanka nawa ne. Ranar da jirginsu ya faɗi na faɗa wa Cedric haka. Ya ce, 'Kai acici, ka taɓa min ƙwai ka gani. Ko a iyo ne sai na dawo na karɓa.' Da safe mai girki ya ajiye min biyu. Tun daga ranar ban ƙara iya ci ba."

Enid ta sadaƙar, ta ce shi ke nan, yau za a kore shi. Sai kawai Mama ta tuntsire da dariya, irin wadda rabon gidan da ita tun kafin takardar soja ta zo da labarin Cedric.

"Cedric ke nan! Yaron da ya ciji Enid a kan ƙwai yana ɗan shekara shida."

"Har yanzu tabon na nan," in ji Enid, tana kuka tana dariya.

Mama ta share ido da gefen riga, ta daɗe tana kallon saurayin. "Ashe ba ni kaɗai nake jiransa ba. Faɗa min gaskiya, ɗana. Zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, Mama. Amma ba ranar da ba na tuna shi."

Ta gyaɗa kai. "To ai sai ka riƙa zuwa kana ba ni labarinsa. Ke kuma ɗauko min baƙar jakata, a duba ko akwai yadin da zai yi rigar amarya."

A watan Yuni aka ɗaura auren. Da fasto ya tambayi wanda zai ba da amarya, Mama ce ta amsa da ƙarfi har bayan coci aka ji: "Ni ce, a madadin Cedric."

'Yan mata, ku duba Enid. Da ta gudu ta yi aurenta, da ta sami miji ta rasa uwa. Ta jira, ta sami mijin, uwarta kuma ta sami wanda za ta riƙa kira ɗana.