Giwan Ruwan Malam Attahiru

A bakin gulbin Jega Hindu ta fara ganin Attahiru, malamin firamare ɗan Aliero, yana kokawa da fatsa. Ya jawo giwan ruwa mai tsayin mutum, ya cire ƙugiya, ya shafa yagaggen bindinsa, ya tura shi ruwa.

"Malam, lahiyarka kuwa? Ka kama abinci ka yas?"

"Wanga Dattijo na, abokina. Wasa mukai."

Tun da ya ga hoton masu kamun manyan kifayen teku daga gaɓa a wata mujalla wannan wasa ya shiga ransa. Sau uku yana kama Dattijo yana saki. Hindu ta yi masa dariya har da riƙe ciki, daga nan kuma zuciya ta yi abin da ta saba.

Sai dai mahaifinta Tamu masunci ne, kuma yaron aikinsa Sambo ya daɗe yana neman aurenta.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai wasa da abincin mutane," in ji Tamu. "In namiji na, shi kawo min kihin nan gida."

Attahiru ya ɗauke ƙafa wata guda. Hindu ta ɗauka ya gudu ne, ta aiko masa takarda:

"Nawan, an sa wa Sambo rana bayan cirar albasa. Ashe kifi ya fi ni? Taka, Hindu."

Ya karanta ya ji kunya, ya ji haushi. Da hantsi ya sauka gulbi. Dattijo bai wahalar da shi ba, ya biyo igiya ya kwanta a gaɓa yana jiran a cire ƙugiya kamar kullum. Wannan ne abin da ya fi ci wa Attahiru rai.

Mutum huɗu suka ɗauki kifin zuwa gidan Tamu. Tamu ya cika alkawari, ya ba Attahiru Hindu. Da Dattijo aka yi miyar biki, 'yan'uwa har daga Maiyama suna santi, suna Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a.

Da amarya ta tare, ta tarar da akushin Attahiru a rufe.

"Nawan, ba ka ci ba."

"Ke niz zaɓa, Hindu. Kada ki sa ni ci kuma."

Ta janye akushin ta zauna kusa da shi. Allah ya amsa addu'ar mutane, sun zauna lafiya. Fatsar kuwa bai sake jefa ta ba, Hindu ta daɗe tana shanya a kan igiyarta.