Allurar da Ta Ƙi Sauka

A ƙarshen shekarun saba'in, akwai wata yarinya a Daɗin Kowa, cikin Jos. Tana aji huɗu a firamare. Mahaifinta, Malam Labaran, direban a-kori-kura ne. Motar shuɗiya ce ko koriya, wannan ya shige da daɗewa. Abin da ba a mantawa shi ne yadda take tari da safe kafin ta tashi.

Aikinsa kwaso kayan lambu. A bayan Bukuru akwai tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. Da ruwansu manoma ke ban ruwa da rani. Shi kuwa ya ɗauko tumatir da kabeji ya kai kasuwar Farin Gada, inda manyan motocin Kudu ke lodi.

Yarinyar tana son motar nan ƙwarai. Ita ke goge ta duk ranar Juma'a da yamma.

Wata Juma'a, ƙanin mahaifinta, Baffa Bala, ya ari motar ya kai katako. Ya yi alkawarin zai zuba mai. Da yamma ya dawo da ita, ya ajiye makulli, ya wuce. Malam Labaran ba ya gida.

Yarinyar ta ɗauko tsummanta ta shiga gaba. A gaban sitiyari akwai wani abu kamar ƙaramin agogo, da allura guda a ciki. Shi ne gejin mai. Ta ga ƙura ta taru a cikin gilashinsa. Ta goge ta waje, ba ta fita ba.

Sai ta zaro tsinken kitso ta ɓamɓare gilashin. Ta cusa tsumma ta goge. Tsumman ya kama allurar, ta ja. Da ta duba, allurar da ke kwance a ƙasa ta miƙe ta wuce rabi, ta maƙale a nan.

Ta taɓa ta da yatsa, ta ƙi komawa. Ta mayar da gilashin da sauri, ta rufe ƙofa, ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari Asabar, babu makaranta, mahaifinta ya ce ta zo ta raka shi. Ya murɗa makulli, ya leƙa geji, ya yi murmushi.

"Kin gani? Yau Baffanki ya cika alkawari. Ba sai mun bi layin mai ba."

A lokacin layin gidan mai yakan yi tsawo, mutum ya wuni a ciki. Yarinyar ta tuna abin da ta yi jiya. Ta ce a ranta, wataƙila Baffa ya zuba ɗin.

Suka isa lambun Mama Kaneng, wata manomiya da suka daɗe suna hulɗa. Aka loda kwandunan tumatir har motar ta cika. Mama Kaneng ta shiga gaba, ta ce lalle a isa kafin motocin Kudu su tashi. In suka tashi, tumatir ɗin nan ba zai kai Litinin ba, wahalar rani guda ta tafi a banza.

Suna cikin hawan wani tudu, sai motar ta yi tari, ta fizga, ta mutu.

Malam Labaran ya dubi geji. Allura tana sama da rabi. Ya ce to ba mai ba ne. Ya sauka ya buɗe bonet. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya mayar. Ya girgiza wayoyi. Mota ta ƙi tashi.

Rana ta fara zafi. Mama Kaneng ta zagaya baya ta taɓa kwandon sama.

"Oga Labaran, tumatir na dahuwa fa. Ko miya za mu kai kasuwa?"

Ta yi dariya, amma idonta yana kan hanya. Yarinyar ta lura da haka. Sai ta matsa kusa da mahaifinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, allurar ba gaskiya take faɗa ba. Ni na taɓa ta jiya."

Ta gaya masa komai, har da tsinken kitso. Ya karyo wani siririn kara, ya buɗe tanki ya zura. Ya zaro shi a bushe.

Allah ya kawo wani mai babur. Malam Labaran ya ba shi galan, ya roƙe shi ya nemo musu mai. Kafin ya dawo, suka yanko ganye suka lulluɓe kwanduna. Yarinyar tana aiki tana share hawaye.

Mahaifinta ya kira ta gindin wata bishiya. Ya tambaye ta ko ta san moɗar da ke cikin randar gidansu. Ta ce ta sani. Ya ce in randa ta cika, ina moɗa take? Ta ce a sama. In ruwa ya yi ƙasa fa? Ta ce sai an zura hannu.

"To, cikin tanki ma akwai abu mai yawo a kan mai kamar moɗa," in ji shi. "Yana da ɗan hannu na ƙarfe. In mai ya sauka, ya sauka. Waya ce ke kai labarin gaba, allura ta nuna. Ni ba na ganin cikin tanki. Abin da allura ta gaya mini shi na sani."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ya ce ta je ta ba Mama Kaneng haƙuri, don kayanta ne ke cikin rana. Ta je ta durƙusa. Mama Kaneng ta ɗaga ta, ta ce ai ta yi magana tun rana ba ta kai tsaka ba, ta gode da wannan.

Mai babur ya dawo. Aka zuba mai, mota ta yi tarinta ta tashi.

Da suka shiga Farin Gada, motocin Kudu sun tafi, saura guda. 'Yan lodi har sun fara jan tamfol. Mama Kaneng ta leƙa ta taga tana ɗaga hannu, suka dakata. Aka sauke kwanduna aka ɗora. Kwando ɗaya na sama ya yi laushi, aka ware shi don masu sayen na miya. Sauran duka suka tafi lafiya.

Daga nan Malam Labaran ya kai motar wurin Dantong, mai gyaran wutar mota a bakin kasuwa. Dantong ya ji labari, ya kalli yarinyar, ya ce ashe ya samu abokiyar sana'a bai sani ba. Ya ce ta tsaya ta ga yadda ake yi.

Kafin ya taɓa komai, ya kashe mota, ya cire kan batir. Ya ce bayan gejin nan wayoyi ne masu wuta. In ƙarfe ya haɗa biyu, sai tartsatsi, geji ya ƙone. Ya ce ita kuwa allura ba a sa mata yatsa ko tsumma, ta fi gashin kaza rauni. In kuma aikin ya kai ga tanki, ko mai taba sigari ba ya matsowa.

Ya gyara allurar a hankali, ya mayar da gilashi da kan batir. Malam Labaran ya murɗa makulli. Allurar ta ɗaga kaɗan daga ƙasa, ta tsaya daidai ɗan man da ya rage.

Malam Labaran ya dafa kan 'yarsa.

"Abu biyu za ki riƙe," ya ce. "Abin da ba ki san yadda yake aiki ba, tambayi kafin ki buɗe shi. In kuma kin yi ɓarna, ki faɗa nan take, tun ba ta shafi wani ba."

"Na riƙe, Baba," in ji ta.

Ya sayo mata rake, suka shiga layin mai tare. Layin yana da tsawo, amma hira suka yi ta yi har aka zo kansu.